Daren da Muka Kwana Jiran Jirgi

Shekara uku ke nan da yin tafiyar, amma har yau idan na shiga wurin da ake zaman jira, asibiti ne ko banki, sai daren nan ya dawo mini sabo fil. Na daɗe ina juya labarin a raina kafin in yarda in rubuta shi, domin akwai laifina a ciki, kuma ba ƙarami ba. Abin da ya sa na daure shi ne na san ba ni kaɗai ba ne ɗan da yake ce wa mahaifinsa "ina nan tafe" alhali a ransa ya san ba yau ba.

Aikina tsara jigilar kaya ne. Shekara 19 na yi ina lissafin wace mota za ta tashi ƙarfe nawa, ta isa ƙarfe nawa, minti nawa za ta yi a wurin sauke kaya. A wannan sana'a motar da ke tsaye asara ce, kuma duk mintin da ya wuce ba a motsa ba sai an nemi wanda za a ɗora wa alhakinsa. Sannu a hankali lissafin ya biyo ni gida. Yaro na ba ni labarin makaranta, ni kuwa idona na kan agogo. Matata na magana, ina ƙarasa mata zancen don a wuce wurin. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin aibi ba. A ganina ni mutum ne mai kiyaye lokaci, sauran jama'a ne ke wasa da shi.

Da hutun yara ya zo a waccan shekara, sai muka yanke shawarar tafiya bakin teku na kwana bakwai, karon farko da za mu yi irin wannan tafiya gaba ɗayanmu. Matata ce ta dage sai an tafi da Baba. Shekararsa 78 a lokacin, kuma tun rasuwar Inna shekara huɗu kafin nan bai cika fita ba. Na yarda, amma gaskiya abin da ya fara zuwa raina shi ne tafiyarsa a hankali take, zai riƙa ja mana baya. Na zauna na tsara kwanaki bakwai ɗin a takarda, awa bayan awa, na buga kwafi biyu, ɗaya a aljihuna ɗaya a jakar matata.

Jirginmu ƙarfe 4 na yamma zai tashi. Ƙarfe 1 daidai muna filin jirgi, an auna akwatunanmu, an duba takardu, mun shiga ɗakin jira. Wajen uku da rabi allon sanarwa ya canza: jinkirin awa ɗaya. Da awar ta cika aka ƙara biyu. Bayan magariba wata murya ta lasifika ta ce an gano matsala a jikin jirgin, injiniyoyi na kan aiki, a yi haƙuri.

Abin da na yi a waɗannan sa'o'i ba abin alfahari ba ne. Na je teburin ma'aikata ya fi sau goma. Na ɗaga murya a kan wata yarinya da ba ta kai ƙanwata ba, wadda ba ita ta lalata jirgin ba kuma ba ita za ta gyara shi ba. Na fito da takardata ina soke abubuwa da biro, ina mayar da na ranar farko zuwa rana ta biyu, ina kai-kawo tsakanin tagar gilashi da allon sanarwa kamar wanda aka ɗaure da igiya tsakaninsu. Auta, 'yar shekara biyar, ta riƙa biyo ni tana jan rigata: "Abba, saura minti nawa?" Na ce kaɗan. Ta sake tambaya, na ce kaɗan. A karo na biyar ko na shida na daka mata tsawa, ta koma jikin uwarta ta yi tsit.

Wajen tara da rabi aka sake sanarwa. An gama gyara, amma matuƙan jirgin sun cika awoyin da doka ta yarda su yi a bakin aiki, sai an jira wasu su zo da asuba. Ni da kaina na san hikimar wannan doka, domin a wurin aikina ma ba ma barin direban da ya gaji ya hau hanya. Duk da haka na miƙe zan koma teburin. Sai matata ta riƙe hannuna, ta yi ƙasa da murya yadda yara ba za su ji ba, ta ce, "Abbansu, jirgin nan ba zai tashi don kana tsaye ba. Tun azahar Baba yake zaune, ko sau ɗaya ba ka zauna kusa da shi ba."

Na waiwaya. Yana can a ƙarshen layin kujerun ƙarfe, sandarsa tsakanin gwiwoyinsa, ya ɗora hannuwansa biyu a kanta. Ba barci yake ba, kuma ba kallon allo yake ba. Yana zaune ne kawai, irin zaman wanda ya saba. Na je na zauna a kujerar da ke gefensa. Bai ce mini komai ba, sai ya ɗan gyara zama don in sami wuri.

Baba mai gyaran agogo ne. Sama da shekara arba'in ya yi a gaban ɗan tebur mai gilashi, da wani ƙaramin madubi maƙale a idonsa na dama, da hantsaki a hannu, yana tsince ƙusoshin da ba su kai ƙwayar yashi biyu ba. Da wannan sana'a ya ciyar da mu, ya kai mu makaranta. Ita ce kuma ta mutu a hannunsa yana kallo. A ƙarshen 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fito da agogon hannu na farko mai aiki da ƙwayar dutsen kwaz, kuma cikin shekaru kaɗan irinsa ya cika duniya, ga araha ga daidaito. Ko a Suwizalan, uwar masu ƙera agogo, ma'aikatan wannan masana'anta da suka kai kusan 90,000 a 1970 ba su kai rabin haka ba kafin shekara ashirin ta cika. Mai tebur ɗaya irin Baba kuwa sai ya koma canza batir da sa madauri. Daga baya wayar hannu ta zo ta ƙarasa abin da ya rage. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba, amma kuma bai taɓa ɗaura agogo mai batir a hannunsa ba. Nasa tsoho ne mai wani, kullum da safe sai ya murza shi.

Auta ce ta fara matsowa, tana leƙena ta gefen ido ta ga ko fushin ya wuce. Ta tsaya gaban Baba ta ce, "Kaka, saura minti nawa?"

Ya ce, "Kin san minti kuwa?"

Ta girgiza kai. Sai ya kwance agogon, ya kara mata a kunne. Idanunta suka buɗe. Ya ce me kika ji, ta ce yana cewa ƙas-ƙas-ƙas da sauri. Ya ɗora mata shi a tafin hannu, ya nuna mata siririn tsinken da ke zagayawa, ya ce ta bi shi da ido daga sama har ya dawo sama, kada ta yi magana. Muka yi shiru mu uku. Ban san rabon da in zauna in kalli minti ɗaya yana wucewa daga farkonsa har ƙarshensa ba. Na ji tsawonsa a ƙirjina. Da tsinken ya dawo, Baba ya ce, "To wannan shi ne minti. Irinsa muke jira, sun kusa ɗari biyar. Amma kada ki damu, ba sai mun ƙirga su ba, shi wannan zai ƙirga mana."

Sai ya sa farcen babban yatsansa ya ɓalle murfin bayan agogon. Yayyen Auta biyu suka taso, babbar mai shekara 13 da namijin mai tara, muka haɗa kai a kan tafin hannunsa. Hannun yana ɗan rawa, amma da zarar ya riƙe agogo sai rawar ta ragu. A ciki akwai wata 'yar ƙafa kamar zobe tana kai-kawo, da siririn sifirin a tsakiyarta mai kama da gashi ɗaya da aka naɗe, yana buɗewa yana rufewa kamar numfashi. Ya ce wannan ita ce zuciyar, tana bugawa sau biyar a kowace daƙiƙa, sau 18,000 a awa ɗaya. Yaron ya yi lissafi a baki ya ce ke nan sau 432,000 a yini, Baba ya dafa kansa. Ya nuna musu 'yan jajayen duwatsun da ƙusoshin ke juyawa a kansu don kada ƙarfe ya ci ƙarfe, ya ce guda 17 ne. Ya ce dutsen da ke cikin agogon zamani yana girgiza sau 32,768 a daƙiƙa, shi ya sa ba ya kuskure sosai, sai dai ba ka ganin komai idan ka buɗe, kuma ba ya bukatar ka tuna da shi. Wannan kuwa, in ka yi kwana biyu ba ka murza shi ba, zai tsaya.

Ni ɗansa ne, a gaban teburin nan na girma, amma a daren nan na fara jin waɗannan bayanai. Ko dai bai taɓa faɗa mini ba, ko kuma ya faɗa ina sauri.

Yaron ya tambaye shi dalilin da ya sa inda za mu je suka riga mu da awa biyu, da kuma inda awa biyun za su shiga idan muka sauka. Baba ya dunƙule hannunsa ya mai da shi duniya, yana juya shi a gaban fitilar rufi. Ya ce duniya tana cika zagayenta na digiri 360 cikin awa 24, wato digiri 15 a kowace awa, shi ya sa na gabas suke riga na yamma ganin rana. Ya ce da can kowane gari da nasa lokacin, gwargwadon tsayuwar rana a kansa, sai da jirgin ƙasa ya zo aka ga ba zai yiwu ba. A 1884 wakilan ƙasashe 25 suka taru a Washinton suka amince a riƙa farawa daga layin da ya bi ta Girinwic a Ingila, wanda shi ne agogon GMT da ake faɗa a rediyo. Ya ce su matuƙan jirgi ma da wannan agogo ɗaya suke aiki duk inda suke a sama. Baba bai wuce firamare ba. Duk abin da ya sani, daga rediyo ne da kuma takardun da ke zuwa cikin kwalin kayan gyara.

Can dare ya raba, ɗakin ya yi sanyi, mutane sun bazu a kan kujeru da ƙasa. Ƙananan biyu suka yi barci a jikin uwarsu. Sai Baba ya zaro wani ɗan littafi daga aljihun gaba, mai baƙin bango, gefunansa duk sun lanƙwashe. Na san littafin tun ina yaro, ko dai irinsa, domin idan ɗaya ya cika sai ya sayi wani. Al'adar masu sana'arsa ce: kullum a gwada agogo da sautin cikar awa na rediyo, a rubuta daƙiƙa nawa ya yi gaba ko baya. Babbar 'yata ta karɓa tana buɗawa. Kowane layi rana ɗaya ce, da kwanan wata, da 'yar lamba: baya da 12, baya da 9, baya da 14.

Sai ta ce, "Kaka, wannan ɗan zagayen fa da kake yi a gefe? Ga wani nan, ga wani can. Kuma da lamba a cikinsa."

Ya ɗan yi jim. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ranakun da babanku ya zo ne."

Ta ce, "Lambar fa?"

Ya ce, "Mintocin da ya yi."

Babu zargi a muryarsa ko kaɗan. Yadda ya faɗi adadin duwatsun agogo, haka ya faɗi wannan. Na miƙa hannu ta ba ni littafin. Na fara daga watan farko na shekarar da ta gabata, ina bin gefen shafi da yatsa. 20. 15. 35. Sai sati biyar babu komai. 25. 40, wannan na tuna shi, ranar da na kai masa magani ce. 10. Kan da ya saba da lissafi ba ya iya dainawa, kafin in kai shafin ƙarshe na riga na haɗa: zuwa 11 a shekara guda, minti 290. Bai cika awa biyar ba. Tsakanin gidana da nasa kuwa tafiyar minti arba'in ce a mota.

Akwai kuma wasu ranaku masu ɗigo kawai, babu zagaye. Ban tambaya ba, domin na gane su da kaina. Ranakun da na buga waya na ce ina nan tafe ne.

Na rufe littafin na riƙe shi da hannu biyu. Maƙogwarona ya toshe. Tun ƙarfe huɗu nake tafasa don an tsayar da ni na 'yan sa'o'i, ina neman wanda zan kama da laifi, ga mutumin da na tsayar shekara da shekaru yana zaune a gefena bai taɓa zuwa teburin kowa ya ɗaga murya ba. Na tuna yadda nake shiga gidansa da makullin mota a hannu, ban ma sa shi a aljihu ba. Na tuna yadda yake fara wani zance, in ce, "Baba, bari in zo musamman mu yi wannan maganar." Ashe duk lokacin da na tsallake ƙofarsa yana duba hannunsa, idan na fita ya sake dubawa.

Da ƙyar na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya ce, "Ai ba don a gani nake rubutawa ba. Hannu ne ya saba." Ya yi shiru, sannan ya ƙara da cewa, "Ranar da ka zo, yinin yana da gaba da baya. Sauran kuwa duk kamarsu ɗaya."

Wannan magana ta zauna mini, kuma na yi ta tunaninta daga baya. Mutum yana jin tsawon lokaci sau biyu ne: yayin da yake cikinsa, da kuma yayin da ya waiwayo shi. Yinin da babu komai a cikinsa yana da tsawo ƙwarai ga wanda ke zaune, amma idan ya wuce ba ya barin sawu, sai ka ga wata guda ya narke kamar ba a yi shi ba. Haka Baba yake rayuwa tun bayan Inna, dogayen yini da gajerun shekaru. Ni ma da nake gudu, in aka ce in kawo abin da na riƙe daga shekara goma na ofis, ba zan cika shafi ɗaya ba. Ga kuma bambancin shekaru: shekara guda a wurin Auta kashi ɗaya ce cikin biyar na duk rayuwarta, shi ya sa "kaɗan" ɗina ya zame mata azaba. A wurin Baba kashi ɗaya ce cikin 78, kuma ya fi kowa sanin cewa abin da ya rage bai kai abin da ya wuce ba.

Ba mu runtsa ba har asuba, ni da shi. Ya ba ni labarin yadda ya koyi sana'a a hannun wani dattijo da ya sa shi shekara guda yana wanke ƙusoshi kafin ya bar shi ya taɓa sifirin. Ya ba ni labarin daren da aka haife ni, yadda ya zauna a kan benci a waje tun la'asar har gari ya waye, da agogon wani mutum a aljihunsa wanda ya manta bai mayar ba. Ya yi maganar Inna, abin da bai taɓa yi a gabana ba tun rasuwarta. Wani lokaci kuma sai mu yi shiru mai tsawo, ba wanda ya ji ya kamata ya cike shi. Kafin a kira mu, na tashi na je wurin yarinyar nan ta tebur, wadda ita ma a nan ta kwana, na ba ta haƙuri.

Ƙarfe 6 aka fara shiga jirgi.

Kwana shida muka samu maimakon bakwai. Takardar tsarina tana nan a jakar matata, ban nema ba ita ma ba ta fito da ita ba. Abin da na fi tunawa shi ne wata safiya da yara suka so taka wata hanyar duwatsu da ba ta bayyana sai ruwa ya janye. Mun zo da wuri, teku a cike. Baba, wanda bai taɓa zama a bakin teku ba sai a wannan tafiya, ya riga ya lura tun kwana biyu cewa janyewar tana ƙara jinkiri da kusan minti 50 kowace rana, kamar yadda fitowar wata take yi, domin watan ne ke jan ruwan. Ya ce saura kamar awa biyu. Da a da ne da na ce mu je mu yi wani abu mu dawo. Sai muka zauna a kan yashi, Auta tana kafa tsinke a inda kumfa ta tsaya, tana komawa ta kafa wani idan ruwan ya ƙara ja baya, har tsinkayen suka yi layi zuwa duwatsun.

Ba zan ce na dawo na zama wani mutum dabam ba. Har yanzu raina yana ɓaci idan layi ya ƙi motsi, har yanzu akwai satin da aiki ke cinye ni. Abu biyu dai na canza. Na daina cewa "ina nan tafe" sai in na riga na kama hanya. Kuma idan na shiga gidan Baba, makullin mota yana shiga aljihu, waya ma haka.

Bara idonsa ya yi rauni sosai, ba ya iya ganin ƙananan lambobi. Yanzu idan na je da safe, shi yake murza agogon don ya ce yatsunsa sun san inda za su tsaya, ni kuma in saurari rediyo in duba tsinken in rubuta masa. Wata rana yana alwala na ɗauko tsohon littafin daga kan taga, na buɗe watan da muka yi tafiyar. Layukan kwanakin teku babu lambar agogo ko ɗaya, sai zagaye shida a jere, manya, babu komai a cikinsu. A samansu kuwa, a layin daren filin jirgi, ya yi zagaye ya rubuta: awa 8, minti 20.

Na tsaya ina mamaki, domin awa 17 muka yi a filin nan. Sai na ƙirga baya daga ƙarfe 6 na safe, lissafin ya kai ni goma saura minti ashirin na dare, lokacin da na zauna a kujerar da ke gefensa.

Na ji motsin sandarsa a bakin ƙofa. Na mayar da littafin inda yake, na tashi na gyara masa wurin zama.